Amshin da Na Yi wa Tsahara a Liyon

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, mai goyo ta jijjiga nata ya yi shiru. Tun da na dawo daga Faransa ƙofata ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Hajo, wai da gaske rana ba ta son faɗuwa a can?" Waccan ta ce, "Wai da gaske kin yi waƙa gaban Nasara?" Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa. Yau zan faɗe shi gaba ɗaya ana rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Mafarin tafiyar ruwa ne. Shekarar da gulbi ya bar hanyarshi ya shigo mana gari da asuba, ya kwashe unguwarmu ta gangare, ya tafi da rumbuna da gero a cikinsu. Ya tafi kuma da Tsahara, maƙwabciyata tun muna amare. Ta riga ta fito, sai ta tuna akuyoyinta na ɗaure, ta koma ta kwance su. Akuyoyin sun tsira. Tsahara ita ce mai ba da waƙa in mun taru lugude, mu sauran mata muna amsa mata da taɓarya a hannu. Bayan ruwa muka watse, wasu Maradi, wasu gun dangi, mu kuma muka hau tudu muka kafa bukkoki. Tun ran nan ba a ƙara lugude a unguwarmu ba. Kowa ta daka nata ita kaɗai, baki a rufe.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunanshi, ya daɗe a Paris yana fataucin tufafi. Alhaji suke ce mishi a can, ni ma haka zan ce. Yana da ɗiya, Balkisa, haifaffiyar can, amma takan zo mana hutu har ta iya Hausa da tsiwarta. Ita ce ta shiga lakwal, wato makarantar koyon kiɗi, a wani gari da ake kira Liyon. Ba ta buga ganga, ba ta goge. Rubuta kiɗin take a takarda, wasu su duba su kaɗa.

Wata rana Alhaji ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, gidanmu ba gidan maroƙa ba ne. Mutane sun fara magana a masallaci. Ina so ta dawo ta riƙe mini mangaza, shagon tufafina, ta ƙi. Ke kaɗai take jin maganarki. Ki zo ki ce mata ta bari."

Na ce, "Zan zo. Amma ba na yanke hukunci a kan abin da kunnena bai ji ba. In na ji ya zama abin kunya, ni da bakina zan hana ta. In ban ga kunya ba, kai ma ka sake ta."

Ya ce ya yarda.

Babbar motar fasinja, wadda muke ce wa kar, ta ɗauke ni daga Maradi zuwa Yamai, na sha zama har ƙafafuna suka kumbura kamar an hura salka. A Yamai aka dangwala yatsuna duka a kan wani gilashi, aka ɗauki hotona aka ce kada in yi murmushi. Na ce wa mai ɗaukar dama ban zo da shi ba. Jirgin sama kuwa, da ya zabura na kama hannun wanda ke gefena ban ko san shi ba. Ashe wani malamin lissafi ne ɗan Tawa, mai haƙuri. Ya bar mini hannun har muka daidaita a sama, ya kuma nuna mini yadda zan yi salla a zaune. Da aka kawo abinci cikin ƴan kwanoni kamar na wasan yara, ya buɗe mini kowane yana faɗa mini sunanshi. Na ci burodin, na mayar da sauran.

A bakin shiga ƙasarsu wani ma'aikacin duwan, masu binciken kaya, ya sa kare ya shinshina akwatina. Karen ya zauna ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kuka da daddawa da yaji suka wuce, amma kilishin da na sa aka yi wa Balkisa na musamman, aka ce nama ba ya shiga. Malamin lissafi ya fassara mini. Na ce ya tambaye shi ko zubarwa za su yi. Aka ce ƙonawa. Na ce to kafin a ƙona ni zan ci rabona. Na tsaya nan gaban tebur na yagi babban yanki, na miƙa wa malamin lissafi, na miƙa wa ma'aikacin. Ya yi dariya har ya dafe ciki, ya ce "mersi, Madam", amma bai karɓa ba. Karen ne kaɗai ya yi ta kallona da idon roƙo.

Alhaji da matarshi Hajiya Rabi suka tarye ni. Unguwarsu Aubervilliers, sunan da har na baro bakina bai iya shi ba. Gidan an ɗora ɗaki bisa ɗaki, ana hawa cikin wani akwatin ƙarfe da suke kira asansar. Ranar farko muka shiga tare da wani tsoho Bature da ƴar jakarshi. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi sanyi. Ya ce "bonjur" guda ɗaya ya ɗaga kai yana kallon rufi. Rabi ta ce, "Inna, nan gaisuwarsu ke nan, ta ƙare." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban fasa ba kuwa. Kullum muka haɗu sai na yi mishi ta gida cikakkiya. Kafin in taho, shi ke fara ce mini "lafiya lau" tun ban tambaya ba.

Abincinsu, burodi dogo kamar taɓarya, a hammata ake riƙo shi. Akwai kuma cukunsu. Namu cuku busasshe ne mai tsabta, a jiƙa shi a shayi. Nasu wani har kore-kore yake yi a ciki, yana wari kamar takalmin makiyayi, kuma wai shi ne mai daraja. Rabi ta kai ni kasuwar Barbes a ƙarƙashin gadar jirgi, jirgin na wucewa bisa kanmu muna taya kuɓewa. A can na ji wani yana rantsuwa da Hausar Damagaram kan kuɗin waya, na tsaya na gaishe shi kamar ɗan ɗakinmu. Na ga gero a ƴar leda kamar magani. Na ce wa Rabi, "Ina turminku?" Ta nuna mini wani inji ƙarami a kicin. Ta ce in an yi daka a bene, na ƙasa zai kira ƴan sanda.

Balkisa ta zo daga Liyon ta same ni. Ta faɗa jikina tana cewa, "Tsohuwa, an ce kin cinye mini kilishi a gaban hukuma!"

Na ce, "Na ci. Ke kuma an ce kin zama maroƙiya."

Dariyar ta tsaya. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwata, ta ce, "Kaka, ba roƙo nake ba. Da ruwa ya ci unguwarku, ina nan ina kallo a waya, ba abin da na iya. Ban iya gini ba, ban iya magani ba. Abin da na iya shi na yi. Na rubuta kiɗi a kan ruwan nan. Ranar Lahadi za a kaɗa shi gaban jama'a, malamaina na zaune, daga nan za su ce ko in ci gaba ko a'a." Sai ta sassauta murya. "Kuma akwai muryar Iya Tsahara a ciki. Na ɗauke ku a waya kuna lugude, zuwana na ƙarshe. In kin ce a cire, zan cire."

Muryar mamaci ba abin wasa ba ce. Na tambaye ta ko rawa za a yi da ita. Ta ce babu mai ko motsi. Na ce to a bari in ji.

Daga nan ta shiga yi mini huɗuba. Ta ce a ɗakin kiɗinsu ba a magana, ba a guɗa, ba a liƙi, ba a cewa madalla. Tari ma haɗiye shi ake. Akwai mutum mai ƴar sanda a gaba, sai ya sauke hannuwanshi sannan a tafa. "Ko kin ji an yi shiru, Kaka, ba a gama ba. Shirun ma ni na rubuta shi."

Na ce, "Shiru ake rubutawa?"

Ta ce, "Ƙwarai. Ki yi mini alkawari."

Na ce, "Ni da na zauna takaba, shirun yini ɗaya zai gagare ni?" Na yi mata alkawari.

Ranar Asabar muka shiga jirgin ƙasa, ni da Alhaji da Rabi. Gudu yake har itatuwa ba sa tsayawa ido ya gan su, amma shayin da ke gabana bai zube ba. Na ga shanu farare ƙatta cikin ciyawa, babu makiyayi ko ɗaya. Alhaji duk hanya yana ta jan carbi yana kallon taga. A Liyon muka sauka wani masauki da ƙofarshi ba ta da makulli sai kati. Na fita neman buta, ƙofar ta rufe kanta, na tsaya a waje da ɗankwali a hannu har wata mai shara, ƴar Mali, ta zo ta buɗe mini. Ita ta ba ni gorar ruwa ta roba na yi alwala da ita. Garin yana da gulbi biyu, manya, cike maƙil, an yi musu bango na dutse suna tafiya a ladabce. Na tsaya bisa gada na dube su. Na ce a raina, ashe ruwa ma yana jin magana in an gina mishi hanya.

Lahadi bayan azahar muka tafi. Ɗakin babba ne, kujeru jajaye hawa-hawa. Ɗaliban Nijar da ke karatu a garin sun zo da yawa, ƴan mata da lulluɓinsu, don labari ya bazu cewa ɗiyar gida ce ta rubuta. Makaɗan suka fito duk cikin baƙaƙen kaya. Na ce wa Rabi a kunne, "Waɗannan sun san makoki suka zo." Masu goge sun fi yawa. Akwai ƙananan goge da ake saƙalewa a wuya, akwai wanda ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, akwai wani da ya fi mai shi tsawo. Ga masu sarewa, ga wani a baya da manyan ganguna kamar tukwanen biki. Mai sanda ya fito, dattijo mai farin kai, ya duƙa mana, sannan ya juya mana ƙeya. A gida wanda ya juya wa manya baya ya yi rashin kunya. Nan kuwa aikinshi ke nan.

Aka fara. Da fari ban ji waƙa ba, sai ƙara siririya kamar sauro a kunne. Na ce a raina, wayyo Balkisa, wannan ne? Sai masu goge suka fara tsinkar igiyoyinsu da yatsa, ɗaya nan, ɗaya can. Nan take na gane shi. Yayyafi ne bisa kwanon rufi. Mai ganguna ya shigo, dum, dum, dum-dum, taɓare uku na bin juna cikin turmi ɗaya. Lugudenmu ne, ba kuskure. Ina cikin murmushi sai babban gogen nan ya fara gurnani daga ƙasa. Duk wanda ya kwana unguwarmu daren nan ya san wannan gurnani. Haka gulbi ya yi kafin ya iso. Ya yi ta ƙaruwa, sarewa na ihu kamar mata na kiran ƴaƴansu, ganguna suka rikice, luguden ya nutse a ciki. Na riƙe hannun kujera. Na ji bangon ɗakina na faɗuwa a karo na biyu.

Sai komai ya ɗauke. Tsit.

Cikin tsit ɗin nan, daga sama, Tsahara ta ɗaga murya. Ita ce, da ƴar shaƙewar nan tata ta mai cin goro:

"Ruwan bana, ina za ka sauka?"

Jama'a, shekara nawa ina amsa wannan baiti? Tun ina da ƙarfin ɗaga taɓarya sama in tafa kafin ta dawo. Na jira in ji muryoyinmu sun amsa daga cikin lasifikar da ke fitar da muryarta, don ai tare aka ɗauke mu. Ba su zo ba. Balkisa ta cire amshin. Ta bar Tsahara ita kaɗai tana tambaya, ɗaki cike da mutane, babu mai ba ta amsa. Na danne bakina da gefen mayafi. Na tuna alkawari.

Tsahara ta sake: "Ruwan bana, ina za ka sauka?"

A garinmu ba a barin mai ba da waƙa a rataye. Ko kuna gaba da ita, in ta jefa baiti sai ki karɓa, a yi faɗan daga baya. Ban san lokacin da mayafin ya bar bakina ba. Na ji muryata ta fita, tsohuwa, tana rawa:

"Gonar kowa, ban da ɗaki."

Kawuna suka juyo. Wani Bature a gabana ya sa yatsa a leɓe ya ce "shhh". Rabi ta damƙe mini cinya. Na hango Balkisa can gefe ta rufe fuska da hannu biyu. Na ce shi ke nan, na taso tun daga Maradi na zo na rushe wa yarinya aikinta gaban malamanta.

Mai sanda bai juyo ba. Hannunshi na sama, ya tsaya cak, ya ɗan karkato kunne wajenmu. Tsahara ta yi tambayarta ta uku. Na ƙudura ba zan ƙara ba. Sai na ji amshin ya taso daga bayana, ƴan matan nan ɗalibai, biyu ko uku da fari, a tsorace. Ba su san waƙar ba, a bakina suka tsince ta. Rabi ta saki cinyata ta bi su. Ni ma na bi. Dattijon ya jira har muka kai ƙarshe, sannan ya sauke sandar a hankali, ƙananan goge suka shigo da wata murya mai taushi, suka ɗauki karin Tsahara suka yi ta miƙa wa juna har ya ƙare.

Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, kunya ta hana ni ɗaga kai. Da na saci kallon Alhaji, sai na ga ya jawo hularshi har bisa gira, kafaɗunshi na motsi. Ku sani, Tsahara ce ta goya shi. Ni, da yake ɗan farina ne, ban iya ɗaukarshi gaban mutane ba, a bayanta ya yi wayo, a ɗakinta yake cin tuwo. Da ta rasu yana Faransa, bai samu jana'iza ba, bai samu zaman makoki ba.

A waje Balkisa ta iso da gudu, ido jajur. Na riga ta. Na ce, "Na karya alkawari. Ki yafe mini."

Ta ce, "Kaka, wata da watanni ina auna shirun nan! Kin san wahalar da na sha a kanshi?" Tana faɗa tana kuka tana dariya. "Na bar shi ne don a ji babu kowa. Don a ji an watse."

Na ce, "An watse, amma ba a ƙare ba. Ga ni."

Ta dube ni, ta sa kanta a kafaɗata.

Malamarta ta zo, wata doguwar mata mai gajeren gashi. Balkisa ta fassara mini. Malamar ta ce cikin malaman akwai wanda ranshi ya ɓaci, ya ce an taɓa aikin ɗaliba. Ita kuwa tambaya ɗaya gare ta: da shiri aka yi ko ba da shiri ba? Na ce a faɗa mata da an shirya da na fi haka murya.

Sai Alhaji ya matso. Kowa ya juyo, don an san saura hukunci. Ya ce, "Inna, me kika gani?"

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Na zo in ga roƙo. Sai na samu zaman makokin da ban yi ba." Ya juya wajen ɗiyarshi. "Ki tura mini muryar nan a wayata. Da amshin, yadda kika ɗauka tun farko." Bai ƙara ambaton mangaza ba, ni ma ban tuna mishi ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Balkisa malamanta sun ce ta ci gaba, har wanda ya ɓata rai bai hana ba. Ta ce mini ta ƙara layi ɗaya a takardar kiɗin, daidai wurin shirun: in akwai wanda ya san amshi a ɗakin, a jira shi. An sake kaɗa shi a wani gari inda babu Bahaushe ko ɗaya, shirun ya tsaya yadda ta auna shi, ta ce shi ma ya yi kyau. Yanzu tana rubuta wani a kan rijiyoyin da suka ƙafe a arewa. Alhaji ya ɗauki ɗan ƙanen Rabi ya riƙe mishi mangaza, kuma in an taɓa zancen ɗiyarshi a masallaci, waya yake fitarwa ya ce a saurara. Rabi ta sa na aika mata ƙaramin turmi, ta ce ko ba ta daka ba ta dinga ganinshi. Malamin lissafi yana kirana ranar Juma'a. Tsohon asansar, an ce har yanzu yana ce wa Rabi "lafiya lau". Tsahara tana inda Allah ya ajiye ta, Allah ya haskaka kabarinta. Akuyoyinta suna gun ɗiyarta, sun hayayyafa.

Ni kuwa, da na dawo tudu na huta gajiya, na sa aka fitar da babban turmi tsakar gida. Na aika aka kira matan da suka rage, da amaren da aka kawo bayan ruwa waɗanda ba su taɓa jin waƙar ba. Muka zuba gero, muka tsaya da taɓare, kowa na kallon kowa, don babu mai ba da waƙa. Duk rayuwata amshi na sani. Na gyara ɗamara, na ce bismilla, na jefa baitin Tsahara da wannan muryar tawa mai rawa.

Suka amsa.